Lambar da Na Yaɓe da Laka

Da za a ce in zaɓi aiki guda cikin ayyukan da hannuna ya yi a janye mini shi, ba zan tsaya dogon tunani ba. Wata safiya ce na kwaɓa laka na yaɓe bangon rumbunmu, alhali bangon bai tsage ba, bai kuma nemi gyara ba. Abin da ke jikinsa nake son rufewa, wato lissafin da 'yata ta rubuta da gawayi. A wannan makon kuma na hana ta zuwa wata jarrabawa da ba a yin ta sau biyu. Daga nan ta yi shekaru ba ta sake maganar lissafi inda kunnena zai ji ba, kuma lissafin nan shi kaɗai ne hirar da ke tsakanina da ita. Yanzu gemuna ya yi fari, na ga gara in faɗa da kaina tun ina da baki.

Ni manomi ne a Wurno. Gero da dawa nake yi, da ɗan riɗi na sayarwa. Firamare na gama, daga nan mahaifina ya ce gona ta fi bukatata. Abin da ya zauna mini a kai daga makaranta shi ne karatun wasiƙa, da haddar sau, daga sau biyu har sau goma sha biyu, wadda muke rerawa kowace safiya malam yana zagaye mu da tsumagiya. Ina iya tarawa da ɗebewa, ina iya doguwar rabawa in aka ba ni lokaci. Iyakata ke nan.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina. Wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba na zama in yi hira da ita kamar yadda nake yi da ƙannenta. In ina son ruwa kuma ita kaɗai ce a tsakar gida, sai in dubi dalbejiya in ce, wai gidan nan babu mai ba mutum ruwa ne? Sai ta kawo ta ajiye ta wuce. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka na taras, kuma ban taɓa ɗaukar abin a kan rashin so ba. Ita ma ta san ba rashin so ba ne.

Sai dai ta samo mana hanya. Da yamma in na dawo daga gona na zauna a tabarma, innarta tana tuƙa tuwo, sai ta tsuguna kusa da murhu ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Inna, kin san lambobi ma suna da shafa'i da wuturi kamar salla?"

"Ni tuwona na sani," in ji innarta. "Miƙo mini mara."

Ba ta fasa ba. Ta ce duk lambar da za ta rabu gida biyu daidai shafa'i ce, wadda za ta bar ɗaya a tsaye ba abokin tafiya wuturi ce, kuma komai tsawon lamba, wutsiyarta kawai za a duba a gane. Ni kuwa sai na dubi sama na ce a tambayi mai maganar, dubu tara da ɗari tara da casa'in da takwas fa? Ta amsa wa innarta cewa shafa'i ce. Innarta ta ce mu biyun nan mun mai da ita gidan waya.

Haka muka yi shekaru. Ta sa wa lambobi hali kamar mutane. Akwai waɗanda take kira marowata: biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha ɗaya, goma sha uku, goma sha bakwai, har gaba. Su waɗannan ba sa yarda a raba su daidai, sai dai a ba mutum ɗaya duka, ko a tara mutane yawansu kowa ya ɗauki ɗaya. Ta ce duk sauran lambobi da marowatan nan aka gina su, kamar yadda ake ɗora tubali a kan tubali. Goma sha biyu, biyu ce sau biyu sau uku. Talatin da biyar, biyar ce sau bakwai. Innarta ta ce ita ta san marowata da yawa a unguwar nan, kuma babu lamba a cikinsu.

Akwai wata rarrabewar da ta fi burge ni. A ɗauki lamba, a nemo duk masu raba ta daidai ban da ita kanta, a tara su. Takwas tana da ɗaya da biyu da huɗu, sun tashi bakwai, ba su kai ta ba, wannan mai giɓi ce. Goma sha biyu tana da ɗaya, biyu, uku, huɗu da shida, sun tashi goma sha shida, sun wuce ta, wannan mai yalwa ce. Shida kuwa, ɗaya da biyu da uku, shida cif. Irin wannan take kira cikakkiya, ta ce ba su da yawa, daga shida sai an kai ashirin da takwas. Malaminsu na lissafi da Turanci yake ba su sunayen, ita ke mai da su namu a bakin murhu.

Gidanmu babban gida ne, ni da 'yan'uwana biyu a ciki. A lokacin, yaran gidan da suka isa zama a gaban faranti su goma sha shida ne, kuma ita ce babbarsu a mata, don haka ita ke rabo. In aka dafa gyaɗa ko aka sayo aya, ita ake miƙa wa. Matsalar ita ce ba kullum ake samunsu duka ba. Yau su bakwai ne, gobe goma sha ɗaya, jibi goma sha uku. Kowane rabo sai an sami 'yar ragowa, kuma a kan ragowar nan ake kuka, har a ce ita ta cinye. Wata rana ta gaji, ta tambayi innarta ko akwai tarin da zai rabu daidai ko yara nawa suka zo, daga ɗaya har goma sha shida. Innarta ta ce tarin da ke yin haka sunansa haƙuri.

Ita kuwa ta ɗauki gawayi ta nufi rumbu. Takarda ta makaranta ce, ba a ɓata ta, bangon rumbu kuma yana da faɗi da santsi. Da fari ta zana gidaje ɗari, goma a tsaye goma a kwance, ta cika su da lambobi daga ɗaya zuwa ɗari. Ta bar biyu, ta bi tana soke duk wadda biyu ke rabawa. Ta yi haka da uku, da biyar, da bakwai. Waɗanda suka tsira su ne marowata. Ɗaya kuwa ta ware ta gefe, ta ce ita ba ta cikin kowane ɓangare. Sannan ta shiga aikin tarin nata. Ta ɗauki goma sha shida, don ita ta ɗauke nauyin biyu da huɗu da takwas. Ta ɗauki tara, don ta ɗauke nauyin uku. Ta ƙara biyar da bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku. Sauran, irin su shida da goma da goma sha biyar, ta ce suna cikin waɗannan, ba sai an gayyace su ba. Ta ninka su gaba ɗaya, ta rubuta amsar da manyan baƙi a tsakiyar bango: 720,720.

Da yamma ta sanar da innarta. Dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Ta ce babu lambar da ta gaza wannan da za ta iya aikin. Ta ce shafa'i ce, kuma mai yalwa ce ƙwarai, don rabinta da sulusinta da rubu'inta kaɗai in aka tara sun riga sun wuce ta.

"To wa zai dafa miki gyaɗa dubu ɗari bakwai?" in ji innarta. "In kuma baƙo ya shigo suka zama goma sha bakwai fa?"

"Biyar za ta rage, Inna. Ke sai ki cinye."

Na yi dariya har na ƙware da ruwa. Da suka shiga ɗaki na ɗauki tsinke na raba lambar da bakwai a ƙasa, ta rabu tas. Ranar kasuwa na sayo rake na ce na yara ne, innarta kuma ta san wa za ta ba gaɓar tsakiya.

Tana aji uku na ƙaramar sakandare a shekarar. Malaminsu ya sa sunanta cikin waɗanda za su je Birnin Kudu su zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. 'Yan aji uku kaɗai ke yin ta, wanda ta wuce shi ta wuce. Na yarda, har na ji daɗi a raina.

Abin ya lalace ne daga shagon bakin masallaci. An aike ta sayen sabulu, ta tarar mai shagon yana wasa da sabuwar kalkuletarsa. Sai ta ce ya rubuta kowace lamba mai gida uku kada ya nuna mata, ya sake rubuta ta a gabanta ta zama gida shida. Ta juya masa baya ta ce ya raba da bakwai, ba za ta bar ragowa ba. Ya raba amsar da goma sha ɗaya, sannan da goma sha uku. Ta ce abin da ya fara rubutawa ne ya dawo masa. Ya duba, haka ne. Ya sake da wata lambar, haka ne. Yau na san babu wani ɓoyayyen abu a ciki. Bakwai sau goma sha ɗaya sau goma sha uku, dubu ɗaya da ɗaya ne, kuma duk lamba mai gida uku da aka maimaita, ita ce aka ninka sau dubu ɗaya da ɗaya. Abin da aka ninka da shi ne aka sake rabawa da shi. Amma a lokacin ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Kafin magariba labari ya canza kama. Aka ce yarinya ta faɗi abin da ke zuciyar mai shago tana ba shi baya. Bayan kwana biyu wata tsohuwa ta yi sallama da ƙwai a ƙwarya, wai akuyarta ce ta ɓata, a duba mata. Innar yarinyar ta yi dariya har da hawaye, ta ce Iya ki je ki duba gonar maƙwabta. Ni ban yi dariya ba.

A majalisarmu ta gindin tsamiya, ina isowa aka fara.

"Ga baban malama nan, a ba shi wuri."

"Malam, a taimaka a duba mana damina, mu san irin da za mu shuka."

"Ni dai a tambayar mini ita ko surukina zai dawo mini da garmata."

Na yi murmushin yaƙe na zauna. Wasa ne, na san wasa ne, da irinsa muke yi wa juna kullum. Amma da aka watse, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe. Ya ce ya wuce ta bayan gidana ya hango abin da ke jikin rumbu, gidaje gidaje da lambobi an soke wasu, kuma shi a saninsa hatimi ake zanawa haka. Ya ce boko ba ya koya wa yarinya faɗin abin da ke zuciyar mutum, in bincika ko wani abu ya shafe ta. Ya ƙare da cewa in sunan mai duba ya bi 'ya mace, har ƙannenta sai ya shafa.

Na san rumbun nan. Na ga lokacin da aka zana gidajen, na ji bayaninsu da kunnena a bakin murhu. Da na tsaya na tuna, da na ba dattijon amsa. Amma dariyar majalisa tana kaina, kalmar hatimi kuma ta shige ni. Da na dawo na dubi bangon, sai na ga abin da ya ce in gani.

Washegari da safe na yaɓe shi. Ta fito da tsintsiya ta tarar da laka ɗanya tun daga ƙasa har inda hannunta ke kaiwa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya wajen innarta, murya ƙasa ƙasa wannan karon.

"Inna, ban gama ba fa."

Na ce a gaya mata ta haɗa kayanta, za ta Sara wajen kawuna. Shi ƙanin mahaifiyata ne, malami mai makarantar allo da ta Islamiyya, mutane suna zuwa wurinsa neman addu'a da rabon gado. Na ce ya yi mata rubutu ta sha har abin ya sake ta. Innarta ta tuna mini jarrabawa ranar Asabar ce. Na ce lafiyarta ta fi jarrabawa. Ba zan ce na manta da ranar ba, ina sane. So nake ta bar gari kafin in sake zama a majalisa. Ƙanena ya kai ta a motar kasuwa.

Ranar Asabar da sassafe malaminsu ya zo da babur zai ɗauke ta. Na fito na ce masa ta yi tafiya. Ya tambayi ina, na faɗa masa. Ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, ya tayar da babur ɗinsa.

Kawu da kansa ya dawo da ita bayan 'yan kwanaki. Ya tura ta cikin gida yana tsokanarta yana kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, sannan ya zauna a zaure ya ce in zauna. Ya ce ranar farko ya yi rubutun, ta karɓa ta sha da ladabi. Rana ta uku wasu suka zo rabon gado, akwai mai sumuni akwai mai sudusi, wato ɗaya cikin takwas da ɗaya cikin shida, yana cikin neman lambar da kowane kaso zai fita daga cikinta ba karaya, sai ya ji daga bayan labule an ce ashirin da huɗu. Da baƙin suka tafi ya kira ta ya miƙa mata allo, ta rubuta masa lambarta ta yi masa bayani.

"Ilimin da nake raba gado da shi ne ka aiko in wanke mata daga kai?" in ji shi. "Ni ashirin da huɗu nake juyawa shekara da shekaru, jikar nan ta kai ta dubu ɗari bakwai. Kai ya kamata in yi wa rubutu, sai dai ban san wanda ke maganin jin maganar majalisa ba."

Da ya ji zancen jarrabawar, wadda ita ba ta ko ambata masa ba, sai ya nuna mini ƙofar cikin gida. Ya ce in shiga in ba ta haƙuri. Na ce to. Ban shiga ba. Ta yaya uba zai tsaya gaban 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya kira, ya ce ya yi kuskure? Na sayo atamfa na ba innarta ta ba ta. Ta aiko da godiya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Da yamma ta ci gaba da tsugunawa a bakin murhu, tana miƙa mara, tana iza wuta. Muryar ce ba ta sake ɗagawa ba. Na yi ta jira. Wata rana har na dubi sama na ce a tambayi masu lissafi, ɗari da ɗaya marowaciya ce ko kuwa? Ta ce wa innarta ita ba ta sani ba.

Ba ta wulaƙanta ba, kada a ɗauka haka. Ta gama sakandaren jeka-ka-dawo, ta auri wanda take so, mai gyaran babur a Birnin Kudu, mutumin kirki. Ta koyi ɗinki, yau tana da kekuna da masu koyo a hannunta. Duk salla da ɗinkinta nake zuwa idi. In ta zo gida takan durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina duban gefe, ta tashi. Wanda ya gan mu zai ce babu abin da ya taɓa faruwa.

Ni kuwa lambar ta bi ni gona. In rana ta take na zauna a inuwar ɗorawa, sai in share ƙasa in rubuta ta da tsinke in yi ta rabawa. Daga biyu har goma sha biyu haddar makaranta ta kai ni. Goma sha huɗu na yi mata dabara, na raba da biyu sannan da bakwai. Goma sha biyar, da uku sannan da biyar. Goma sha shida, na yi ta rabawa biyu har sau huɗu. Goma sha uku ce ta tsaya mini. Haddarmu ba ta kai ta ba, kuma marowaciya ce, ba ta da ƙananan da za a bi ta kansu. In na yi ta tara goma sha uku a kai, sai in ruɗe a tsakiya, yau in sami ragowa, gobe in sami wata ragowar daban. Akwai yara 'yan makaranta a gidana, akwai waya mai lissafi a aljihun kowa. Ban tambayi kowa ba. Ba amsar kaɗai nake so ba.

Shekarun baya yanar ido ta rufe mini ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Aka yi mini aiki a babban asibitin Birnin Kudu, likita ya ce kada in yi nisa sai an sake dubawa. Dole na sauka a gidanta, ni da innarta, duk da nauyin kwana a gidan suruki. Wata rana bayan la'asar ina zaune a baranda da bandeji a ido, ita tana gefe ta shimfiɗa yadi tana yanka, innarta tana tsince shinkafa. Na tuna kwanakin da na yi ba na ganin ko tafin hannuna, na ce a raina in idon nan ya sake rufewa, da tsinke da ƙasa sun ƙare mini. Sai na dubi innarta na ce a tambayar mini ita wani abu.

"Gidan waya ya rufe," in ji innarta, ba ta ko ɗago ba. "Ga ta ga ka. Ido aka yi maka aiki, ba baki ba."

Ta ɗauki farantinta ta shige kicin, ta bar mu.

Na daɗe ina jin ƙarar almakashi. Sannan na juya na fuskance ta, abin da ban taɓa yi ba tun tana cikin zani.

"Lambar nan taki, na raba ta da kowa ta rabu. Goma sha uku ce ta ƙi ni."

Almakashin ya tsaya. "Wace lamba, Baba?"

Na faɗa mata ita, tun daga dubu ɗari bakwai har ashirin ɗin ƙarshe. Na zaci tashi za ta yi. Sai ta janye yadin gefe, ta ɗauki allin da take zana ɗinki da shi, ta matso kusa da tabarmata ta rubuta lambar a kan siminti da manyan baƙi yadda ido ɗaya zai gani.

"Ba gaba da gaba ake tunkarar marowaci ba, Baba," ta ce. "Zagaye shi ake yi."

Ta nuna mini cewa lambar ɗari bakwai da ashirin ce sau dubu ɗaya da ɗaya, kuma dubu ɗaya da ɗaya goma sha uku ce sau saba'in da bakwai. In aka cire goma sha ukun, abin da ya rage ɗari bakwai da ashirin ne sau saba'in da bakwai. Ta miƙo mini allin ta ce in yi da kaina. Na yi sau bakwai, na yi sau saba'in, na tara. Dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da arba'in. Ta duba ta ce daidai ne, sai dai bakwai ɗina ta yi kama da ƙugiya.

Na ajiye allin. Na ce mata na cuce ta. Na ce na san ranar jarrabawar, na san abin da ke jikin rumbu ba hatimi ba ne, tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfina, kuma kawu ya ce in ba ta haƙuri na kasa. Na ce ta yafe mini.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba," ta ce. Ta goge allin da ke yatsunta a gefen zaninta. Can ta ƙara, ba tare da ta dube ni ba, "Na so makarantar nan."

A waje aka fara jin yara suna dawowa daga Islamiyya.

Na tambaye ta abin da take nufi ranar da ta ce ba ta gama ba. Ta ce masu raba lambar take ƙirgawa, duka, ba goma sha shidan farko kaɗai ba, kuma ta yi nisa a bangon. Na ce ashe na ɓata aikin har abada. Ta ce a'a, ɗari biyu da arba'in ne, in aka haɗa da ɗaya da ita kanta. Na ce yaushe ta gama? Ta ce lokacin goyon ɗanta na biyu, tana zaune ba aikin yi. Ta ce ta kuma gwada ko za a iya jera ta layi layi, tsaye da kwance daidai wa daida kamar fili mai kusurwa huɗu, ta ga ba ta yiwuwa. Mafi kusa shi ne ɗari takwas da arba'in da tara sau kansa, shi kuma ya zarce ta da tamanin da ɗaya. Tana faɗa muryarta tana ɗagawa kaɗan kaɗan, har innarta ta leƙo daga kicin ta ce a rage mata surutu, shinkafa ba ta son hayaniya.

Ashe ba ta taɓa dainawa ba. Ni ta daina gaya wa.

Yanzu in ta zo Wurno, bayan gaisuwa takan bar mini lamba guda in bincika halinta kafin ta dawo. Ina kuskure da yawa, tana gyara mini ba ta raga mini. Wannan na samu, kuma na gode wa Allah da ya ba ni rai na same shi. Makarantar kuwa ba ni da yadda zan mayar mata. Ban san inda za ta kai ba da na bar ta ta hau babur ɗin malaminta, ita ma ba ta sani ba, kuma ni na jawo rashin sanin.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, musamman iyaye maza irina: in ɗanka ya zo da abin da ya fi ƙarfin saninka, ka zauna ka ce ya nuna maka, ko ka kai shi wurin wanda ya sani, kafin ka yanke masa hukunci da maganar mutanen waje. In kuma ka riga ka yi kuskuren, kada ka aika da atamfa. Ka je da ƙafarka ka faɗa da bakinka a makon, ko da ɗan fari ne. Kada ku yi irin tawa.